Gafiya a Gindin Rumbu

Ɗan'uwa mai karatu, ka gama girbi. Ka ɗaure dammunanka, ka zuba a rumbu, hankalinka ya kwanta. To, akwai wadda take jira dare ya yi ta zo ta ɗebi rabonta. Ita ce gafiya.

Kowa ya san ta. Ta fi ɓera girma nesa ba kusa ba. Babba tana kai kilo 1, har ta wuce. Rabin wutsiyarta fari ne. Tana da jaka a kumatunta biyu. Nan take cusa gyaɗa da wake da hatsi, ta kai rami ta ajiye, ta komo. Shi ya sa ake cewa gafiya tsira da na bakinki. Abin da take ci kaɗan ne, jidar da take yi ita ce ɓarna.

Tana son wuri mai laima da abinci, kamar garakan Jiratawa da fadamar gulbi wajen Tibiri. A cikin birnin Maradi kuwa, juji da lambatu sun ishe ta zama. In ta shigo gida, takan yi rami a gindin katanga. Damina ta zo, ruwa ya bi ramin, ginin ƙasa ya jiƙe ta ƙarƙashi. Ramin da ta bari kuma, maciji yana iya mai da shi ɗaki.

Sai maganar cuta. Fitsarinta da kashinta suna zuba a kan abinci, jikinta kuma yana ɗauke da ƙuma. A shekarar 2003 an kai wasu dabbobi daga Gana zuwa Amurka, har da gafiya. Ta hanyarsu ƙyandar biri ta kama mutane da dama a can. Saboda haka kada a kama ta da hannu tsirara, kada yara su yi wasa da ita.

Wata rana a ajinmu na yaƙi da jahilci na tambayi ɗalibai yadda suke yi da ita. Wasu suka ce guba. Wasu suka ce hayaƙi. Duka biyun ba na son su, ga dalilina.

Guba ba ta san gafiya ba. Kaza tana tsattsagar ta. Akuya tana lasa. Yaro mai rarrafe yana kai ta baki. Kuma ka tuna, akwai masu cin naman gafiya. In ta ci gubarka ta fita tana tangaɗi, samari su buge ta su gasa. Wa ka kashe ke nan? In kuwa ta mutu cikin rami, wari ya hana ku zama tsakar gida. Hayaƙi kuma wuta ce. Da rani, ga iska, ga zana, ga rumbun kara. Don damin hatsi guda mutum ya ƙone na shekara? Ita kanta dabbar, mutuwar guba doguwar azaba ce. Rai gare ta, yunwa ta kawo ta.

Ga abin da ya fi. Fara da hana ta abinci. Rufe tukwane da dare. Kada a bar ƙanzo ko dusa a waje. Share gindin rumbu ya zama fili, a kawar da tarin itace da kara daga jikinsa. Buhunan wake da gyaɗa a ɗora su bisa dakali, ko a juye cikin tano mai murfi. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa ta sake gida.

In ta ƙi, sai tarkon keji, wanda yake kamawa ba ya kashewa. Mai walda yana iya yi maka da waya mai ƙarfi, don haƙorinta yana cin itace. Sa mata ƙuli-ƙuli a ciki, ka ɗana a bakin rami da magariba. Duba da asuba, kada rana ta same ta a ciki. In ta shiga, rufa kejin da tsohon buhu, sai ta natsu. Kai ta daji mai nisa ka buɗe, ka ja da baya. Kada dai ka sake ta a bakin garkar wani. Ba a raba ɓarawo da gidanka a kai shi na maƙwabci.

Kada ka yi saurin toshe ramin. Barbaɗa toka a bakinsa, ka duba kwana 3. In ba sawu, cika shi da duwatsu ka yaɓe da laka. In ka toshe da ƴaƴa a ciki, nan za su mutu su ruɓe.

In ta ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15, sannan a tafi likita ran nan. Haka ma cizon dila, ko tunku, ko kyanwar daji. Waɗannan sun fi haɗari, don suna iya ɗaukar ciwon haukan kare, wanda in ya bayyana a jikin mutum ba a tashi. Allurar da ake yi da wuri ita ke tsare shi. Dabbar dare da ta fito da rana, ba ta gudun mutane, tana dalalar da miyau, kada ka matsa kusa. A shigar da yara ɗaki, a kira ma'aikatan gandun daji ko likitan dabbobi.

Na kan ba ɗalibaina labarin da ke sa su dariya. A Morogoro, ƙasar Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna APOPO tana koya wa dangin gafiyarmu aiki. Da hanci suke gano nakiyar da aka binne lokacin yaƙi, kuma ba su da nauyin da zai tashe ta. Suna sansanar majina su gane tarin fuka. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, ya yi aiki a Kambodiya har aka ba shi lambar zinariya a 2020. Wani tsoho a ajin ya ce to, tasa gafiyar sai dai a ba ta lambar sata, don tiya 2 ta wake ya haƙo daga raminta bara.