Ruwa A Cikin Ƙaramar Kwamfutarmu

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga ɗakin kwamfuta ya san dokar farko: kada a kusanto da ruwa. Shi ya sa in muka ce wa 'yan ajinmu da ruwa ake sanyaya kwamfutar ƙungiyarmu, sai su ɗauka zolaya ce. To, gaskiya ne. Ruwa na zagayawa a cikinta, kuma mu muka ɗaura na'urar da hannunmu.

Tsofaffin ɗaliban makarantarmu ne suka ba mu kayan, muka haɗa. 'Yar ƙarama ce, da kaɗan ta fi kwalin takalmi. Allon da komai ke hawa kansa, wanda masu gyara ke kira madabod, irin Mini-ITX ne, santimita 17 kowane gefe, awon da kamfanin VIA na Taiwan ya fito da shi a 2001. Ƙarama muka nema domin mukan ɗauke ta zuwa ɗakin taro ranar muhawara ko kacici-kacici, daga baya mu tace bidiyon da aka ɗauka. Tace bidiyo kuwa yana wahalar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. In zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, sai a kaɗa ƙararrawar tashi aiki bai kai rabi ba.

A babban akwati maganin mai sauƙi ne: a ɗora wa furosesa doguwar hasumiyar ƙarfe mai fanka. Tsayinta yakan kai santimita 15 ko 16. Namu akwatin ba zai ma rufu ba.

A nan darasin Fiziks ya yi mana rana. Kafin giram ɗaya na ruwa ya ƙara zafi da digiri ɗaya, sai ya sha kusan jul 4.2 na makamashi. Iska kuwa jul ɗaya ya ishe ta. Ga shi ruwa ya ninka iska nauyi wajen sau 800. Ke nan siririn tiyo na iya kwashe zafin da iska ke buƙatar fili mai yawa kafin ta ɗauka. Wasunmu sun fara kwatanta abin da randa. Ba haka ba ne. Randa na sanyi ne domin ruwan da ke tsattsafowa a jikinta yana bin iska, dabarar da Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yi amfani da ita wajen tukunya cikin tukunya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Namu ruwan a rufe yake ruf, ba ya zuwa ko'ina. Ɗan'uwansa shi ne lagireton mota. Farantin tagulla na manne da furosesa, ƙaramin famfo na tura ruwan da ya ɗumama zuwa lagireto, fanka ta hure zafin waje, ruwan ya dawo. Aikinsa dako ne kawai: ya ɗauki zafi daga tsakiyar akwati, inda babu fili, ya kai shi bakin bango.

Kuɗin na'urar karo-karo muka yi, har da kuɗin tara, kuma daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja za a aiko mana, inda mayar da kaya ba ƙaramin aiki ba ne. Saboda haka kafin mu biya ko sisi, sai muka yanka kwali daidai awon lagireto muka riƙa cusawa cikin akwatin. Mai fanka biyu, wanda ake kira 240, tsawonsa ya haura santimita 27; kwalinsa ya tokare da akwatin rarraba wuta. Mai fanka ɗaya, wato 120, ya shiga. Sai kuma kauri, abin da hoton talla ba ya nunawa. Lagireto milimita 27, fanka milimita 25, jimilla 52. Filinmu bai kai haka ba, don haka muka haɗa da siririyar fanka mai milimita 15. Milimita goma kacal, amma ita ta raba gardama.

Tiyo ya fi komai taurin kai. Ba ya lanƙwasuwa yadda kake so, in ka matsa masa ya karye gwiwa, ruwa ya daina wucewa. Sai da muka juya kan famfon har tiyon ya kwanta ba tare da ya danne ƙwayoyin RAM ba. Akwai kuma 'yar iskar da ba a rasa ta a cikin ruwan. Kullum sama take hawa, saboda haka dole wani sashe na lagireto ya fi famfo tudu. In famfo ne a sama, iskar ta taru a cikinsa, ya riƙa ƙugi yana juyawa a bushe. Mun ɓare ledar da ke kan farantin tagulla, muka ɗaure kusoshi a giciye kaɗan-kaɗan, muka shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin mahaɗan tiyo. Ta wuni a kunne muna leƙawa. Ko ɗigo babu.

Yanzu ba ta ja da baya a tsakiyar aiki. Amma kada wani ya ce muku ruwa na mayar da kwamfuta firji. Lagireto da iskar ɗaki yake aiki, ba zai taɓa sauke zafin ruwan ƙasa da na ɗakin ba. Har yau ma akwai biyu a cikinmu da ke ganin gajeriyar hasumiya mai fanka ta fi kwanciyar hankali, domin in fanka ta mutu ana gani a sauya, in famfo ya mutu sai dai a sake na'urar gaba ɗaya. Suna da hujja. Ga mai buga takardu da shiga intanet, mu ma fankar za mu ba shi shawara.

Abin da ke gabanmu yanzu ƙurar hunturu ce. Haƙoran lagireto sirara ne, a matse suke, nan da nan suke toshewa. Mun rubuta jadawali mun manna a bango: duk Juma'a kafin a tashi, mutum biyu za su cire filogi, ɗaya ya riƙe fanka kada ta juya, ɗaya ya bi haƙoran da burushi mai laushi.