Mun hau tudun Gradara, garin da Italiyawa ke kira na masoya

Mu biyar ne, duk ƴan Nijar da ke aikin kayan katako a wajajen Pesaro, gabashin Italiya. Ran lahadi da ta wuce muka ce bari mu ma mu ga abin da Turawa ke tasowa daga nesa su kalla, tunda daga inda muke bai fi kilomita 15 ba.

Gradara ƙauye ne bisa tudu, ganuwa biyu ta kewaye shi, ta waje ta kusa mita 800. Kana shiga ƙofa sai hanya ta miƙe sama, shimfiɗe da dutse, dama da hagu kantunan tsaraba da gidajen abinci. A ƙoli gidan sarautar yake, na jan bulo. Hasumiyar tsakiya tun wajen 1150 aka gina ta, sauran kuma gidan Malatesta, masu mulkin Rimini, suka ƙara a ƙarni na 13 da na 14. Muka hau bisan ganuwa inda dakaru ke sintiri a da, ga teku can ƙasa, ga gonakin inabi da zaitun. Ɗan Damagaram ɗin cikinmu ya shafa bangon ya ce in da haka aka riƙe ganuwar Birni da yanzu ba guntaye ake nuna ma baƙi ba. Amma nan ɗin ma kango ya zama, sai a 1920 wani mai kuɗi, Umberto Zanvettori, ya saye shi ya gyara, a 1928 ya sayar ma gwamnati.

To amma ba bulo ke kawo mutane nan ba. Ko'ina ka duba hoton zuciya ne da sunaye biyu, Pawulo da Faranceska. Saurayi da budurwa na riƙe da hannun juna suna ɗaukar hoto. Muka bi layi har ɗakin da ake ce ma ɗakin Faranceska: gado, kujeru, wurin aza littafi, da wata ƙaramar ƙofa a daɓe wadda aka ce ta nan Pawulo ya so tserewa. Kayan ɗakin duk na lokacin gyara ne, kuma masana tarihi ba su haɗu a kan cewa nan abin ya faru ba. Ba wanda ya damu da wannan a cikin masu hoto.

Ga labarin. Faranceska ɗiyar mai mulkin Ravenna ce. Wajen 1275 ubanta ya ba da ita ga Janciyoto Malatesta, jarumi amma gurgu, don gidajen biyu su ƙulla ƙawance. Wani marubuci da ya zo daga baya, Bokaciyo, ya ce ƙanen angon, Pawulo, kyakkyawa, shi aka tura wakilci wajen ɗaurin aure, yarinya ta ɗauka shi ne mijin, sai da aka kai ta ta ga wanda aka ba ta. Shekaru suka tafi, har ta haihu. Ita da Pawulo, wanda shi ma yana da mata da ɗiya, suka faɗa son juna. Wajen 1285 mijin ya iske su, ya kashe su duka biyu. Mawaƙi Dante ya sa su cikin littafinsa na tafiya lahira, a wuta, iska na ɗibar su ba hutu. Janciyoto kuwa ya sake aure abinsa.

Da muka fito sai gardama ta tashi. Ƙaramin cikinmu ya ce wallahi bai ga soyayya ba, matar aure da ƙanen miji, ko a ina haramun ne, kuma Turawa sun mai da abin kunya kasuwa. Ba wanda ya musa masa. Ba mu ce ta yi daidai ba, ba mu ce kisan ma daidai ne ba. Amma mu da muka taso a Maraɗi da Tawa, farkon labarin ne ya tsaya mana a wuya. Manya biyu sun zauna sun gama magana, bukatarsu ta biya, yarinya ba a tambaye ta ba. Wannan kam ba sai an biya tikiti mu gan shi ba. Kowanenmu ya san wata, ƙanwa ko ɗiyar maƙwabci, wadda aka yi ma haka, ta yi ta yaji har aka gaji, ko ta haƙura ta rame a ɗaki.

Dattijon cikinmu, wanda muke ce ma Baba, bai sa baki ba ko kaɗan. Mun san dalili. Wata biyu ke nan wansa na kiran sa daga gida a kan ɗiyarsa, wadda bana za ta yi jarabawar BEPC. Akwai wani ɗan kasuwa da ya taimaki gidan lokacin da damina ta ƙi, yanzu yana son a ba ɗansa ita. Baba ya shekara shida bai taka gida ba, kuma wan nan shi ke riƙe da iyalinsa. Yana jin nauyin ce masa a'a. Duk lokacin da muka taɓo zancen sai ya ce a bari tukuna.

Muka zauna bakin ganuwa muka sha kofi. Burodinsu na nan, piyadina, mun bar shi, don sau da yawa da kitsen alade ake murza shi. Ƙaramin namu ya ce, “Baba, ka yi shiru.” Ya ce, “Ina lissafi ne, yaro. Sau nawa na yi magana da wana a kan zancen nan, ita kuwa ko sau ɗaya ban tambaye ta ba.”

Da la'asar muka gangaro. Kafin mu kai wajen mota ya ja baya, ya ciro waya ya kira matarsa ta WhatsApp. Muka ji ya ce, “Ba ni ita, kuma ki fita ki ba mu wuri.” Muka matsa gaba muka jira shi wajen minti ashirin. Da ya iso bai gaya mana abin da ta ce ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya dai ce ran juma'a zai kira wansa, kuma yana son biyu daga cikinmu su zauna kusa da shi in zai kira.