Tashoshi Uku a Cikin Goma Sha Ɗaya

Idan intanet ta yi nauyi a ofis ko asibiti, maganin da kan fara zuwa bakin mutane shi ne a ƙaro na'urar Wi-Fi, ko a ƙure ƙarfin wadda ake da ita. Sau da yawa wannan magani ƙara tsananta ciwon yake yi, kuma dalilin yana cikin wani ɗan lissafi.

A zangon 2.4 GHz, Amurka ta halatta tashoshi 11, Turai kuwa 13. Tazarar da ke tsakanin tasha da mai bi mata megahaz 5 ce, amma kowace na'ura idan ta buɗe baki tana cin filin megahaz 20 zuwa 22. Kamar a yi wa rumfunan kasuwa lamba a kowane taku biyar ne, alhali tabarmar kowane ɗan kasuwa ta kai taku ashirin. Shi ya sa a cikin goma sha ɗayan nan uku ne kacal ba sa hawa kan juna: ta 1, ta 6 da ta 11, waɗanda tsakiyarsu ke kan megahaz 2412, 2437 da 2462.

A nan ne mai neman wayo kan faɗa rami. Sai ya duba ya ga maƙwabta sun cika ta 1 da ta 6, ta 3 kuwa babu kowa, sai ya koma can. Abin da bai lura ba shi ne ƙa'idar Wi-Fi ta ginu ne kan saurare kafin magana. Na'urori biyu da ke tasha ɗaya suna jin yaren juna, kowace tana jiran ɗaya ta gama. Akwai jinkiri, amma saƙo yana isa. Wadda ta zauna a ta 3 kuwa, surutu kawai take zuba wa ɓangarorin biyu, su ma suna zuba mata. Saƙo ya lalace a hanya, a sake aikawa, ya sake lalacewa.

Kamfanonin da ke ƙera kayan sun san haka, don haka suka gindaya sharuɗɗan safiyo kafin a kafa komai. Sharuɗɗan Cisco na kiran murya su ne suka fi yaɗuwa: ƙarfin sigina kada ya gaza -67 dBm a gefen da'irar kowace na'ura, ya kuma ɗara hayaniyar wurin da dB 25. Sannan da'irorin su shiga juna da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, domin nas da ke tafe a baranda tana waya ta kama na'ura ta gaba kafin ta baya ta sake ta. Amma da'irori biyu masu tasha ɗaya a raba su da dB 19, wato inda ɗaya ke kan -67, ɗayar ta yi rauni kusan ninki tamanin.

Wahalar aikin gaba ɗaya tana nan. Ana son da'irori su haɗu, ba a son tashoshinsu su haɗu, kuma launi uku ne kawai a hannun mai zane. Ga shi sigina ba ta san bene ba, tana ratsa siminti ta sauka hawan ƙasa.

Manhajoji irin su Ekahau suna iya hasashe daga zanen gini, kuma suna da amfani. Sai dai zane ba ya nuna yawan rodin da ke cikin dakali, ko durowar ƙarfe da aka jingina bayan an tare, ko tandar dumama abinci da ke aiki a kusan 2.45 GHz. Jikin mutum ma, da yake galibinsa ruwa ne, yana shan sigina, saboda haka awon da aka yi a zauren lacca ranar hutu ba shi ne na ranar Litinin ba. Injiniyan kirki kan ɗaura na'ura a kan sanda ya zagaya ginin da ƙafa, yana riƙe da waya mafi rauni da za a yi aiki da ita a wurin. Ƙure ƙarfi ba ya taimako a nan: na'urar bango tana ihu waya ta ji, waya ta amsa da raɗa na'urar ta kasa ji.

Kada kuma a ɗauki -67 kamar wahayi. Don murya aka tsara ta. Sito mai na'urorin karanta lambar kaya zai wadatu da ƙasa da haka, zaure mai ɗalibai ɗari biyar kuwa yana iya cika sharaɗin a kowace kujera kuma intanet ta tsaya cak, don matsalarsa layin jiran magana ce.

Zangon 5 GHz ya kawo sauƙi, da tashoshi fiye da 20 a Amurka, ko da yake wasunsu dole a bar wa rada idan an jiyo ta, kuma duk wanda ya haɗe huɗu ya yi tasha mai faɗin megahaz 80 ya koma cikin ƙunci da hannunsa. A 2020 hukumar sadarwar Amurka ta buɗe megahaz 1,200 a zangon 6 GHz. Amma firintoci da kyamarori masu araha da yawa har yau 2.4 kawai suka sani, kuma su ma suna cikin lissafin mai safiyo.