Satu da Garba

Umaru Ganda ɗan Nijar ne. An haife shi a Yamai cikin shekara ta 1935. Sana'arsa ita ce shirya sinima. Cikin ayyukansa akwai wani fim mai suna Le Wazzou polygame, wanda ya yi da Zabarmanci. A shekara ta 1972 aka kai fim ɗin gasar FESPACO a Wagadugu, ya ci babbar kyauta. Shi ne fim na farko da ya samu wannan kyauta.

Ga labarin da ke ciki. Satu budurwa ce, Garba kuwa saurayi ne. Garba yana son Satu, kuma an yi masa alkawarinta. Ana nan sai wani Alhaji ya komo daga Makka. Yana da mata biyu, amma da ya ga Satu sai ya ce yana so. Aka ba shi ita. Garba ya yi fushi, ya bar gari, ya tafi birni. Matar Alhaji ta biyu, Gaika, kishi ya kama ta, har ta ƙulla niyyar kashe amarya. Auren nan bai kawo wa kowa kwanciyar rai ba.

Mutumin Azarori ba zai ga baƙon abu cikin wannan labari ba. Bayan girbin hatsi, samari da yawa na ƙasar Madawa da Buza da Keita suna tafiya cin rani, wasu Najeriya, wasu Abijan. Wasu kuma su tsaya gida su yi noman albasa. Da yawansu kuɗin aure suke nema. Wani lokaci saurayi ya komo gab da damina da turamen zane a jaka, ya tarar an ɗaura wa yarinyarsa aure da wani mai hali.

Manya sukan ce son farko ƙuruciya ce, zai wuce. Gaskiya ne yakan wuce, amma yana barin tabo. Kamar zuma yake, ga zaƙi ga harbi. Zaƙinsa shi ne hirar dandali da farin wata, da goron da ake aikawa ta hannun ƙanwa. Harbinsa shi ne ranar da saurayi ya ji gangar buki, ya san ba tasa ba ce. Yarinya ma tana jin wannan harbi, sai dai ita sau da yawa shiru take yi saboda kunyar iyaye.

Umaru Ganda ya rasu ran 1 ga Janairu 1981. A Yamai akwai gidan raya al'adu mai ɗauke da sunansa. Fim ɗinsa bai ce yara su ƙi jin maganar iyaye ba. Ya nuna abin da ke faruwa in an karya alkawari don dukiya. Kafin a karɓi sadaki, ya kamata a kira yarinya a ji ta bakinta, don ita ce za ta zauna a ɗakin.

Tambayoyi
1. Wace kyauta fim ɗin Umaru Ganda ya ci?
2. Don me Garba ya bar gari?
3. Me ya kamata iyaye su yi kafin su karɓi sadaki?