Busua, Garin da Yaran Masunta Ke Hawan Igiyar Teku

Daga Takoradi zuwa Busua ba wani nisa ba ne, amma mai masaukina, wani Alhaji ɗan kasuwa da aka haifa a zangon Takoradi, har ya yi furfura bai taɓa taka garin ba. Da na ce masa can na nufa, sai ya dube ni ya ce, "Malam, me ka ajiye a can? In kifi ne ai ga shi nan a kasuwa." Na ce hawan igiyar ruwa zan je gani, in hali ya yi ma in gwada. Ya yi salati, ya yi dariya har da tafa hannu, sannan ya kira ɗansa ya ce, "Raka baffanka, kuma kada ka bari ruwa ya wuce masa gwiwa."

Muka sha koko da ƙosai a bakin tasha, muka shiga trotro, ƙaramar bas ɗin haya ta Ghana, zuwa Agona Nkwanta. A nan ake barin babban titin da ya miƙa iyakar Kodebuwa, a shiga tasi a gangara kudu. Hanyar ta ratsa gonakin roba da na kwakwar manja, kore shar ko ta ina, har ido ya fara neman fili ya rasa. Tun kafin mu ga teku muka fara jin ruguginta.

Busua ƙaramin gari ne na ƙabilar Ahanta, a Yankin Yamma na Ghana. Titi guda ne ya ratsa shi, sauran duk lunguna ne masu ɓullewa bakin ruwa. Gaɓar doguwa ce mai lanƙwasa, rairayi ne zalla ba duwatsu a tsakiyarta, ga itatuwan kwakwa jere, can cikin ruwa kuma wani ɗan tsibiri da suke kira Abokwa. Mun iske ana jan taru. Maza da samari sun yi layi biyu riƙe da igiya, suna ja da baya sannu a hankali suna waƙa, mata na jira da manyan kwanoni. Duk wanda ya sa hannu yana da rabonsa, ko da ɗan kifi biyu ne. Kwale-kwalensu na itace ne, an sassaƙa ƙasan daga gungume guda, an yi musu fenti kala-kala da tutoci da sunaye, galibi daga Baibul.

Ba nisa da masu jan tarun sai ga abin da ya kawo ni. Yara ne da samari, wasu ba su kai shekara goma sha biyu ba, kwance a kan alluna suna shawagi bayan inda ruwa ke fashewa. Sai ka ga ɗaya ya juya allonsa, ya tuƙa da hannu da sauri, igiyar ta ɗaga shi, kafin ka ƙifta ido ya miƙe tsaye yana yanka gefenta. Akwai 'yan mata a cikinsu, kuma ba su bar wa mazan komai ba. Na zata Turawa zan tarar suna wasan, 'yan gari na kallo. Turawan suna nan, amma yawancinsu su ne ɗalibai, 'ya'yan masunta su ne malamai.

Wanda ya koya mini saurayi ne siriri, ba ya son dogon surutu. Bai bar ni na taɓa ruwa ba sai da ya zaunar da ni a rairayi ya ce in duba. Ya nuna mini inda igiya ke fashewa da farar kumfa, sannan ya nuna wani wuri a tsakani mai duhu-duhu, lumui, kamar ya fi ko'ina lafiya. Ya ce nan ne mai kisa. Duk ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, kuma ta irin wannan kwararo yake komawa da ƙarfi. Wanda ya faɗa ciki, in ya ce zai yi iyo kai tsaye zuwa tudu, gajiya ce za ta cinye shi. Abin yi shi ne ya kwantar da hankali, ya yi iyo a kaikaice har ya fita daga kwararon, sannan ya bar igiya ta kawo shi. Su gwanayen kuwa da gangan suke bin wannan kwararo, don ya fitar da su ciki ba wahala.

Allon masu koyo dogo ne, ya fi mutum tsawo nesa, an lulluɓe shi da soso don kada ya fasa wa mutum kai. Ana ɗaure shi a idon sawu da wani zaren roba mai kauri. Darasin a baki ba wuya: kwanta rub da ciki, tuƙa da hannu, in ka ji ruwa ya tura ka dafa allon ka yi wuf ka tashi, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan durƙushe, ido a gaba. A cikin ruwa kuwa labari ya sha bamban. Na sha ruwan gishiri har ta hanci, rairayi ya shiga inda ban san yana iya shiga ba, ɗan Alhaji na tsaye a tudu yana kiran "Baffa, a hankali!" yana kuma ɗaukar hoto. Da aka jima sai wata 'yar igiya mai haƙuri ta ɗauke ni, na miƙe, ta kai ni har inda ruwa bai kai ƙwauri ba. Abin ya yi kama da sukuwa a kan doki ba sirdi ba linzami, sai dai wannan dokin ba ya jin tsawa. Tsayuwar ba ta wuce numfashi kaɗan ba, amma na gane abin da ke mayar da yaran nan cikin ruwa tun da asuba.

Abin da mai kallo ba ya lura da shi, yawancin wasan jira ne. Mutum na iya zama a kan allo tsawon lokaci yana karanta ruwa, ya bar igiya biyar su wuce don ta shida yake so. Igiyoyin ma baƙi ne: guguwa ce ke tayar da su can kudancin tekun Atlantika, su yi tafiyar dubban kilomita kafin su fashe a nan. Shi ya sa suka fi girma daga wajen Afrilu zuwa Satumba, lokacin hunturun kudancin duniya, wanda ya zo daidai da damina a Ghana. Mai koyo ya fi jin daɗin rani, sa'ad da ruwan ya lafa.

Ranar Talata ba a fita su a yawancin garuruwan masunta na wannan gaɓa, al'ada ce tsohuwa, don haka muka bar ruwa muka taka zuwa Butre da ke gabas. Tafiya ce ta bakin teku, sai a haura wani tudu mai kurmi, a gangara, a tsallaka gadar katako a bakin kogi. Wani mai kwale-kwale ya shiga da mu cikin kogin, tsakanin itatuwan nan masu tsirowa a ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje. Ƙaguwa ce birjik a jikin saiwoyin, ga tsuntsaye masu sungumar kifi, mun kuma ga tsari kwance a reshe yana shan hantsi. A nan ƙananan kifaye ke girma kafin su fita teku, amma ana sare itatuwan don ƙyafe kifi.

A saman tudun Butre akwai kufan ganuwar Batenstein, wadda Turawan Holan suka gina a 1656, shekarar da suka ƙulla yarjejeniya da Ahanta. Zaman bai ƙare da daɗi ba. A 1838 suka rataye sarkin Ahanta, Badu Bonsu na Biyu, suka yanke kansa suka tafi da shi ƙasarsu, kan ya zauna cikin kwalba a birnin Leiden har 2009 kafin a mayar wa jama'arsa. Yamma da Busua kuma, tafiyar ƙafa kaɗan, akwai Dixcove da farar ganuwarta, Metal Cross, ginin Ingilishi na ƙarshen ƙarni na 17, wadda bayi suka bi ta cikinta. Duka biyun suna cikin ganuwoyin Ghana da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Baƙi da yawa suna zuwa su hau igiya su koma ba su leƙa ko ɗaya ba, kuma a ganina sun yi rabin ziyara.

Mun kuma je Cape Three Points, ƙarshen ƙasar Ghana ta kudu. Hanyarsa ta jijjiga mu ƙwarai, amma hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1925 tana nan tsaye a kan dutse. Can cikin tekun da ke gabanta ne aka gano man fetur na rijiyar Jubilee a 2007. Kunkurun teku na fitowa wannan gaɓa da dare su yi ƙwai a rairayi, akwai kuma matasan da ke gadin ramukan.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Leda da robobi suna zuwa da kowace cikar ruwa, wani lokaci da tarin ciyawar teku mai wari da ke toshe tarun masunta. Da dare wasu wuraren bakin ruwa na kiɗa ne da giya, wanda ba ya so sai ya nemi masauki can gefe. Abinci dai ba matsala: gasasshen kifi da dokunu da yajin shito sun ishi Musulmi, kuma dogon wando da riga ba sa hana hawan allo.

Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna fataucin goro zuwa Gwanja da Asante, jikokinsu sun kafa zango har bakin teku, amma ɗan Alhaji, wanda aka haifa yana jin ƙarar ruwan nan, bai iya iyo ba, haka ma abokansa da na tambaya. Tsoron teku daidai ne, masunta ma suna tsoronta, sai dai su sun san ta. Iyayen zangunan Takoradi da Sekondi da Accra, ku kai yaranku su koyi iyo wurin waɗanda suka iya. Wanda kuma zai zo daga Arewa, ya fara koyon iyo tun daga gida, kuma kada ya shiga ruwan Busua sai ya tambayi ɗan gari inda kwararon yake a ranar.