Izinin da na bai wa kowa

A ofishin zanen gine-gine da nake kula wa da kwamfutoci muna da na'urar ajiya ƙirar Synology, irin wadda ake kira NAS, mai faifai biyu. Zane, takardun kwangila, lissafin albashi, duk a cikinta suke, ma'aikata kuma suna shiga daga kwamfutocinsu ta hanyar SMB.

Wata injiniya ta kira ni hankali a tashe. Tana buɗe foldar aikinta amma ta kasa ajiye gyara, ga mai gini zaune yana jira. Izini a irin wannan na'ura hawa biyu ne, kamar ƙofar zaure da ƙofar ɗaki: akwai na babbar foldar da aka raba, akwai na ƙananan foldoji da ke cikinta. Ƙaramar folda takan gaji izinin ta sama, sai dai idan an yanke gadon an ba ta nata. Tata an yanke, karatu kawai aka bar wa rukuninta. Gyaran na wuri ɗaya ne.

Ban tsaya na bincika ba. Na je kan babbar foldar, na bai wa rukunin da kowane mai asusu ke cikinsa izinin karatu da rubutu, na kuma zaɓi a zartar har kan ƙananan foldoji da fayiloli. Aikinta ya ajiyu, ta yi godiya. Ban lura cewa na buɗe duk abin da wanda ya riga ni ya killace ba, har da foldar albashi.

Wanda ke iya rubutu yana iya gogewa. Bayan ɗan lokaci, wani ɗan bautar ƙasa da aka sa ya share tarkace ya ga foldar wani tsohon aiki, ya ɗauka kwafi ce, ya goge. Abin da aka goge ta SMB ba ya faɗawa kwandon shara na Windows. Na'urar tana da nata kwandon, amma sai an kunna shi a kan kowace folda da aka raba, namu kuwa a kashe yake. Faifai biyun da muka dogara da su ba su tsinana komai ba, domin tsarin RAID 1 da suke kai madubi ne: abin da ya ɓace a ɗaya ya ɓace a ɗayan nan take.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne faɗan da yaron ya sha a gaban jama'a, ina tsaye. Sai da yamma na iya shiga wurin shugaban ofishin na ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan bai kamata ma ya iya goge foldar ba. Ni na ba shi dama." Na faɗa masa batun albashi. Na kuma nemi yaron na ba shi haƙuri, duk da na san kunyar da ya sha ba ta goguwa da haƙuri.

Wasu zanen mun tsinto su a imel, sauran sai da aka sake zanawa.

Na sake tsarin daga tushe. Albashi ya koma foldarsa daban, ta masu lissafi kaɗai. Izini yanzu rukuni nake bai wa, ba mutum ɗai-ɗai ba, ina kuma kiyaye yadda na'urar ke yanke hukunci idan mutum yana rukuni biyu: hani ya fi komai ƙarfi, sai karatu da rubutu, sannan karatu kawai. Na rage masu izinin rubutu sosai, saboda manhajar garkuwa da fayil idan ta kama kwamfuta ɗaya, duk inda asusun mai ita ke iya rubutu za ta kulle. Na kunna kwandon shara, na sa na'urar tana kwafe komai zuwa wani faifai na waje kowane dare. Duk canjin da na yi kuma, sai na fita daga asusuna na mai kula, na shiga da na ƙaramin ma'aikaci, na gwada buɗe foldar albashi da goge fayil, kafin na ce wa kowa an gama.