Tsohon Injin Kakanmu

Likoro tsohon gari ne a ƙasar Zazzau, arewa da birnin Zariya, cikin ƙaramar hukumar Kudan. Wanda ya bi ta wajenmu da kaka zai ga fadamu cike da rake, tun daga nan har Makarfi. Wani raken a ɗaure shi dami-dami a kai birane, wani kuwa a matse shi, a dafa ruwan, a yi mazarƙwaila.

To, rake yana da wani hali wanda kowane manomi ya sani. Muddin yana tsaye a gona, ba ya gaggawa. Amma ran da aka sare shi, ran nan ya soma lalacewa. In ya yi kwanaki ba a matse ba, zaƙinsa ya ragu, ruwansa ya yi tsami, mazarƙwailar ta ƙi daskarewa. Saboda haka mai rake wanda ba shi da abin matsa, sai yadda mai inji ya yi da shi.

A da doki ne yake juya abin matsar. A ɗaura masa doguwar sanda, ya yi ta kewayawa, yaro yana biye da shi. Kakanmu ya gaji da wannan, ya sayi inji tun ana kashe fam da sule, watau kafin naira ta fito a 1973. Injin ƙirar Lister ne, wani kamfani da aka kafa a 1867 a garin Dursley na ƙasar Ingila. Silindarsa ɗaya, yana da manyan ƙafafu biyu na ƙarfe masu juyawa, ɗaya a kowane gefe, nauyinsa kuwa ya fi na buhu uku na masara. Turawa suna auna ƙarfin inji da ƙarfin doki, wannan nasa 6 ne. An fara ƙera irinsa a 1930, aka daina a 1987.

Bayan rasuwar kakanmu ƙananan injuna masu shan fetur suka cika ƙasa. Suna da sauƙin ɗauka, ga ƙyalli. Aka tura tsohon bayan rumbu, aka kifa masa kwano. Ya fi shekara 20 a nan. Kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa, zanzaro ya yi gini a cikin salansa.

A watan Mayu na 2023 gwamnati ta janye tallafin fetur, kuɗin niƙa da na matsar rake suka hau. Ana cikin damina sai ga ɗan gwangwan ya zo ya taya injin, ya ce zai auna shi da kilo. Yayana, wanda shi ne maigida yanzu, ya so ya sallama, gama ana bukatar kuɗin taki. Na ce, "Yaya, ka yi mini haƙuri zuwa kaka. In an fara saran rake bai tashi ba, ni da kaina zan kira maka mai gwangwan." Ya ce, "Na ji. Amma ko kwabo ba zan sa a ciki ba." Na sayar da ragon da nake kiwo, na tafi Zariya neman wani tsohon makanike wanda ya koyi sana'a a kan irin waɗannan injuna tun yana yaro.

Da tsohon ya zo, bai taɓa sifana ba tukuna. Ya kewaya injin, ya ƙwanƙwasa jikinsa yana saurara, ya duba ko akwai tsaga. Sa'an nan ya kama ƙafar ya gwada juyawa, ta ƙi motsi. Na ce, "Baba, ya mutu ke nan?" Ya ce, "A'a, ɗana. Tsatsa ce ta riƙe fistan. Samo mini kananzir da baƙin mai."

Ya kwance kan injin, ya zuba su a cikin silinda, ya ce a bar shi ya jiƙa. Kowace safiya in ƙara, in ɗan jijjiga ƙafar. Wannan jira shi ne ya fi mini wuya cikin aikin duka, domin rake yana ta nuna, Yaya kuma yana wucewa ba ya cewa kome. A kwana na tara tsohon ya komo. Ya aza guntun katako a kan fistan, ya riƙa buga katakon a hankali. Ya ce ƙarfen zubi ba ya son guduma kai tsaye, yanzu ya fashe. Can sai muka ji ƙafar ta motsa kamar faɗin ɗan yatsa.

Daga nan aka shiga wanki. Muka kankare tsatsa, muka fasa ginin zanzaro, muka zubar da tsohon mai wanda ya daskare kamar kwalta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙarancin abin da ya lalace. Ringi, da nozul, da gaskit, da bututun mai ɗaya, su ke nan muka saya. Mun same su a Kano, gama masana'antun birnin Rajkot na ƙasar Indiya sun daɗe suna ƙera injuna a kan wannan samfuri, kayansu kuma sukan shiga na Ingila. Babu wani sashe na injin nan da aka liƙe don kada a buɗe. Kowane noti yana inda hannu zai kai. A ganina wannan ya fi fenti daraja.

Ku yara, kun san yadda irin wannan inji yake aiki? Ba ya shan fetur, gas yake sha, watau dizal, ba shi kuma da fulogi. Fistan ne yake danne iska a cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan nozul ya fesa mai kaɗan, man ya kama da kansa, ya tura fistan. Nauyin ƙafafun nan biyu shi yake ci gaba da juyi har bugu na gaba. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ya ƙago wannan dabara, injinsa ya yi aiki sosai a 1897. A wani babban baje koli da aka yi a birnin Paris a 1900, har an nuna irin injin nan yana tafiya da man gyaɗa, irin wanda iyayenku mata suke matsewa in za su yi ƙuliƙuli.

Ran tayarwa yaran unguwa suka cika bayan gida. Tsohon ya ɗaga wani ɗan ƙarfe mai riƙe bawul a buɗe, don juyi ya yi sauƙi, ya ce in sa hannu in juya. Na juya har gumi ya karyo mini. Ya saki ƙarfen, injin ya yi tari, ya yi shiru. Ya sassauta bututu ya fitar da iskar da ta shiga cikin mai, muka sake. A karo na uku baƙin hayaƙi ya tashi, kaji suka watse, muka ji dum, dum, dum, a hankali kamar mata suna daka. Yaya ya fito zaure ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, kana ya ce, "Muryarsa ba ta sake ba."

Tafiyarsa a hankali ita ce asirin daɗewarsa. Juyi 650 yake yi a minti guda, ƙaramin janareta kuwa yana yin 3,000. Gas ba shi da araha, amma tsohon ba ya sha da yawa. Ruwan da yake sanyaya shi a duro yake, da bututu biyu. Mai zafi ya hau ta na sama, mai sanyi ya sauko ta na ƙasa, ba famfo ba kome. Da hunturu mata sukan ɗebi mai ɗumin su yi wa yara wanka.

Amma inji mai ƙara kawai ba ya ciyar da gida, sai an sa masa bel. Muka gyara tsohon abin matsar kakanmu, muka kai su bakin fadama. Da safe a sare rake, kafin azahar an matse shi, ruwan yana kan wuta, busasshiyar tukar ita ce makamashi. A riƙa kwashe kumfa har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. A shekarar nan ko dami ɗaya bai yi mana tsami ba, maƙwabta ma suka kawo nasu. Da la'asar kuma a cire bel a mayar kan famfo, ya ja ruwa zuwa fangalin tumatir da albasa, aikin da kakanninmu suke yi da jigo. Doka ɗaya tsohon ya kafa mana kafin ya tafi: kada mai babbar riga ko ƙaramin yaro ya matsa kusa da bel in inji yana tafiya.

In ruwan farko ya sauka, sai mu kwance shi daga gindinsa. Mutum shida suke ɗora shi a kan amalanken shanu, a kawo shi ƙofar gida, a haɗa shi da abin niƙa. Nan yake zama damina duka, yana niƙa dawa da masara, har rake ya sake nuna.